Bankwana na Uku, Bijimi na Ɗaure

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, wakilin Sufurefe mai mulkin gundumarmu, mai girma wakilin Lamiɗo, Allah ya ja zamanin wanda ya aiko ka, Malam Liman da sauran malamanmu, na allo da na littafi, komandan jandarma da mutanensa, shugabannin jam'iyya, maza da mata, dillalan shanu, manoman auduga, masu motocin hanyar Garwa, 'yan'uwana mahauta, iyayenmu mata da ke tsaye can bayan rumfa saboda kujeru ba su kai gare su ba, jama'ar Wuro Sambaje baki ɗaya, Bahaushe da Bafulatani da duk wanda kasuwa ta kawo ya zauna tare da mu: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Saura mutum huɗu ban gaishe su ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Ga Alhaji Abdurrahman, shugaban majalisar gari. Ga Malam Lukmanu, ma'ajinta. Ga Misiye Roger, magatakardanta. Takardar gayyata ta ce masu barin gado ne. Haka ta ce a watan Disamba, haka ta ce a watan Maris, haka kuma ta ce yau da muke cikin Yuni. Ga kuma Malam Ishaku, wanda takardar ta kira mai jiran gado, kuma a nan kam gaskiya ta faɗa, domin jiran yake ta yi. Kwana uku ina juya yadda zan gaishe su. In na ce tsohon shugaba, gobe da safe zan same shi a kan kujerarsa. In na ce shugaba, takardar da ke hannuna za ta ƙaryata ni. Saboda haka ina gaishe su da sunayen da iyayensu suka raɗa musu, domin su kaɗai ne na tabbata ba su canza ba.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ne Mas'udu, Sarkin Pawa na garin nan, shekara ashirin da biyu ke nan. Ni ba ɗan siyasa ba ne. Katin jam'iyya yana nan a aljihuna kamar na kowa, haraji na biya, ranar biki ina fitowa da mutanena. Karatun Faransanci ban yi ba. Abin da na iya shi ne in dubi saniya a tsaye in faɗa maka abin da za ta bayar a kwance. In kun ji na yi tuntuɓe a magana, ku ɗauka bakin mahauci ne, ba na lauya ba.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan, suka kuma ba ni damar jawabin bankwana a madadin 'yan kasuwa. Ina godiya ga makarantar gari da ta ara mana bencina karo na uku. Ina jin yanzu bencinan nan ko ba a ɗauko su ba, sun san hanya. Ina godiya ga matan da suka soya ƙosai, da masu algaita, waɗanda suka tambaye ni da safe ko kiɗan tafiya za su yi ko na zama, na ce musu su jira tukuna. Useko, wato mun gode, kamar yadda 'yan'uwanmu Fulani ke cewa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Jama'a, abubuwa huɗu na zo da su, ko biyar. Dukkansu tambayoyi ne, domin ban zo da amsa ko ɗaya ba.

Na farko, abin da ya faru, saboda baƙi. Mayankarmu tana da rijiya mai zurfin gaske, wadda guga ba ya iya mata idan ana yanka shanu goma sha biyar a safiya ɗaya. Shekara biyu da suka wuce majalisa ta ware kuɗi a sayo famfo. Muka yi murna, muka yi addu'a. Daga nan aka fara tafiya Yawunde neman famfo. Aka je, aka dawo, aka ce ba a sami irin wanda ya dace ba. Aka sake komawa. Sau tara aka je, bisa ga abin da takardu suka nuna, kuma kowace tafiya da takardar man mota, da ta otel, da ta abinci, da abin da suke kira kuɗin misiyo, wato ladan wahalar hanya. Dukan tafiye-tafiyen nan tara an yi su ne a cikin Landirobar majalisa.

A ƙarshen damina mai bincike ya zo daga Garwa, ya karanta takardun, ya yaba da tsabtar rubutun, sa'an nan ya ce a nuna masa motar nan mai ƙoƙari. Aka kai shi bayan ofis. Ya tarar da ita a kan duwatsu huɗu, babu taya ko ɗaya, kabewa ta bi ta taga ta shiga ta fita ta ɗaya tagar, kaza tana kwanci a kujerar direba. Kowa a garin nan ya san motar nan ta shekara uku a wurin. Ni kaina na sha ɗaure akuya a jikinta. To tambayata ta farko, kuma wallahi ba da ba'a nake yi ba: in motar ba ta je ba, su sun je? In sun je, da me suka je? In ba su je ba, wa ya kwana a otel ɗin? Har yau ba wanda ya zaunar da ni ya fahimtar da ni, ni kuwa famfon mayankata ne aka je nema.

Na biyu, maganar tafiyarsu. Bayan mai bincike ya koma, mutanen nan uku suka yi abin da ya burge mu. Suka tara jama'a suka ce sun rubuta takardar murabus, za su sauka. Muka ce madalla, waɗannan 'ya'yan halak ne, sun yi kuskure sun ji kunya. A al'adarmu ta mahauta, babba ba ya barin aiki a garin nan mu sallame shi da baki kawai. Muka haɗu muka yanka bijimi, muka tara mutane a wannan fili, muka ba su cinya da ƙirji, na tashi na yi jawabi. Na yi kuka a jawabin nan, akwai shaidu.

Washegari na bi ta gaban ofis, sai na ga keken Alhaji a jingine inda ya saba. Na ce ko kayansa ya zo kwashewa. Bayan mako ɗaya keken yana nan. Da aka tambaya, sai aka ce ai ba a barin aiki ana tsakiyar kasuwar auduga, sai an gama awo, motocin kamfanin auduga na Pitowa sun kwashe. Muka ce gaskiya ne. Aka gama awo, aka sa ranar bankwana ta biyu. Muka yanka raguna biyu, domin ƙarfinmu ya fara raguwa. Na sake yin jawabi. Wannan karon ban yi kuka ba, amma na yi ƙoƙari. Sai aka ce ai bikin ƙasa na ashirin ga Mayu ya matso, ba kyau gari ya yi fareti da sabon shugaba wanda bai san inda ake ajiye tutoci ba. Muka ce to. Aka yi fareti, aka naɗe tutoci. Sai aka ce takardar murabus ɗin ta je Garwa an maido ta, saboda babu hatimi. Na tambaya, wa ke buga hatimin? Aka ce magatakarda. Na ce to ya buga mana. Aka ce ai ya yi murabus, ba ya taɓa hatimi. Na ce to tunda ya yi murabus, me yake yi a ofis? Aka ce yana jiran a karɓi murabus ɗinsa. Na ce me ya hana a karɓa? Aka ce babu hatimi.

Jama'a, na zauna na juya maganar nan ta kowane gefe, kamar yadda ake juya kan sa ana neman gaɓa, ban sami inda zan sa wuƙa ba. In akwai wanda ya gane a cikinku, ya same ni bayan taro.

A duk tsawon watannin nan Malam Ishaku, wanda jam'iyya ta tsayar ya karɓe su, kullum da ƙarfe takwas zai zo ya zauna ƙarƙashin dogonyaron da ke ƙofar ofis. Rigar da ya ɗinka don ranar shiga aiki har ta fara koɗewa a kafaɗa. Da azahar Alhaji zai fito su gaisa, su yi alwala da buta ɗaya, su yi salla a tabarma ɗaya, sa'an nan ɗaya ya koma ciki, ɗaya ya koma gindin bishiya. Masu zuwa da ƙara sukan tsaya a tsakiyar fili suna duba hagu da dama. Na ga wata tsohuwa ta durƙusa ta gaishe da su biyun, ta faɗa wa kowa rabin kukanta.

Na uku, kuma nan ne maganar ta zo kaina, don haka zan yi ta a hankali. A bankwanan farko, bayan an ci nama, Alhaji Abdurrahman ya miƙe ya yi abin da kowane Musulmi ke yi idan zai rabu da mutane. Ya ce, "Jama'a, mun zauna da ku, mun saɓa muku. Za mu tafi. Don Allah ku yafe mana." Har gobe ban ce ƙarya yake yi a wannan lokacin ba. Kun san yadda muke: mai tafiya ba ya neman gafara a bar shi tsaye, dole wani babba ya amsa. Malam Liman ya dubi wakilin Lamiɗo, wakilin Lamiɗo ya dube ni, domin mayankata aka cuta. Ni kuwa na dubi mutum mai furfura yana share hawaye da hannun riga a gaban 'ya'yansa, zuciyata ta karye. Na miƙe na ce, "Mun yafe, duniya da lahira." Aka shafa fatiha.

Ban san cewa Misiye Roger yana rubutawa ba. Ko kuma in ce na gan shi yana rubutu, amma ban san kalmomin da muke furtawa a bakin ƙofa, idan wani zai hau mota, suna iya shiga takarda su zama hujja ba. Ya rubuta da Faransanci cewa jama'ar gari, a taron da ya haɗa Liman da wakilan hukuma, ta bakin Sarkin Pawa, sun janye kukansu. Takardar nan kam ta sami hatimi, ta kuma isa Garwa cikin kwana biyu. Mai binciken da aka ce zai dawo bai dawo ba. Da na je da kaina na tambaya, wani akawu ya buɗe fayil ya nuna mini da yatsa, ya ce, "Baba, ai ga sunanka nan. Kai ka ce an yafe." Na tsaya a ofishin nan ina kallon sunana da baƙaƙen da ban iya karantawa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ni da na ce mun yafe, mai tafiya na yafe wa. Da na san zama za a yi, da na ce a zauna mu yi magana. Amma ban faɗi sharaɗi ba, domin ba a taɓa faɗar sharaɗi ba. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya nemi gafarar tafiya, aka yafe masa, ya cire takalmi ya koma ya zauna ba.

Abin ya dame ni har na zagaya wurin malamai uku, kuma duk suna nan zaune, ba zan faɗi sunayensu ba. Na farko ya ce yafiya ta riga ta fita daga bakinka, an rubuta ta a inda ba a gogewa, ka haƙura. Na dawo gida da wannan. Na biyu ya ce a'a, ka dubi sallar matafiyi: mutum ko ya ɗaure kaya, ko ya yi sallama da iyali, ba ya fara rage salla sai ya wuce gidajen ƙarshe na gari, wanda ke zaune a ɗakinsa mazauni ne, ko da ya ce shi matafiyi ne sau ɗari. Na dawo gida da wannan ma, na ajiye kusa da na farko. Na uku bai ba ni amsa ba, tambaya ya yi mini. Ya ce, "Sarkin Pawa, abin da ka yafe, naka ne?" Na ce wani nawa ne. Ya ce, "Sauran fa?"

Sauran na Hansai ne. Tana can baya, ga ta can tsaye da baƙin mayafi. Ita ce shugabar matan da ke wanke mana kayan ciki, kuma tun da babu famfo, su ne ke ɗebo mana ruwa daga mayo, wato kogi, garwa-garwa a kai, su hau gangaren nan da kuka sani. Shekara biyu suna yi, ana ce musu famfo na hanya. Bara da damina 'yarta Safiyatu ta zame a gangaren da garwa a kanta, da ciki wata bakwai. Ita ta tashi, abin da ke cikin bai tashi ba. Mu mahauta muka je muka yi ta'aziyya, washegari muka koma yanka, matan suka koma gangare.

Kwana biyu bayan bankwanan farko Hansai ta same ni a rumfata, kasuwa na ci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe ni yadda ya kamata, sa'an nan ta ce, "Sarki, na ji ka yafe." Na ce e. Ta ce, "Wa ya aike ka?" Na ce ai al'ada ce, Hansai, mai tafiya ne. Ta ce, "Da ka ce mun yafe, har da ni a cikin mun ɗin? Ka taɓa ɗaukar garwa a gangaren nan? Ka zo ka tambayi Safiyatu?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Tun daga ranar tana gaishe ni, tana aikinta, amma ba ta sake ce mini Sarki ba. Malam Mas'udu take cewa. Kuma ni na san ta fi ni gaskiya. Na ɗauki haƙƙin da ba nawa ba, na yi kyauta da shi a gaban jama'a, aka ce Sarkin Pawa mai kirki ne.

Na huɗu, ko na biyar, na ɓata lissafi. Maganar ranar Asabar ce. Da muka ga famfon Yawunde ba zai zo ba, mu mahauta da dillalan shanu muka haɗa ƙarfi muka sayo namu a Garwa. Tafiya ɗaya muka yi, a motar haya, muka dawo kafin la'asar. Yana nan a zaurena cikin akwatin katako wata huɗu ke nan. Uwargida har ta fara shanya kuɓewa a kansa. Makanikin da zai haɗa shi ya ce rijiyar ta hukuma ce, ba zai taɓa ta ba sai da takardar izini da sa hannun shugaban majalisa, kuma ban ga laifinsa ba. Na kai takardar ciki wurin Alhaji, ya karanta, ya ce, "Sarki, ka san na yi murabus, hannuna ba ya aiki yanzu. Kai wa Ishaku." Na fito gindin bishiya, Malam Ishaku ya ce, "Sarki, ban shiga ba tukuna. In na sa hannu, jandarma za su ce na yi sojan gona. Koma wa Alhaji." Tsakanin teburin da bishiyar taku ashirin da shida ne. Na san haka domin na yi tafiyar nan har takalmina ya san adadin.

Misiye Émile, likitan dabbobi, ga shi nan zaune. Ya yi mana haƙuri iyakar haƙuri. Yanzu ruwa ya sauka, mayo ya zama ja, abin da matan ke ɗebowa rabinsa laka ne. Ya gaya mini a fili cewa ba zai ƙara buga shuɗin tambarinsa a naman da aka wanke da ruwan nan ba, kuma in ranar Asabar ta yi babu ruwa mai tsabta, zai sa kwaɗo a ƙofar mayanka. Ban roƙe shi ba, domin in ciwon ciki ya shiga gari, 'ya'yanmu ne za su fara kwantawa. Amma ku ji abin da kwaɗon nan zai rufe. Gida arba'in da ɗaya ke ci daga mayankar nan: mai yanka, mai fiɗa, mai tsire, mai kilishi, mai jima, mai wankin hanji. Yau Laraba. Makanikin ya ce kwana biyu yake bukata. Ku lissafa da kanku.

Saboda haka, mai girma shugaban taro, ina roƙo, ba umarni nake bayarwa ba, ban isa ba. Alhaji Abdurrahman, mun yi wasan ƙasa tare, mahaifiyarka ta sha ba ni tuwo. In kai ne shugaba, ga takarda a kan tebur, ka sa hannu. In ba kai ba ne, ka miƙa wa Malam Ishaku alƙalamin da mabuɗin, ya sa. Ko ka riƙe aikin ka yi shi, ko ka sake shi wani ya yi. Ban ce ka maido da kuɗin mai ba, wannan tsakaninka da hukuma da Allah ne. Ban ce ka bar gari ba, gidanka ne. Ɗaya daga cikin biyun nan kawai nake nema, domin yadda ake yanzu, muna da shugaba biyu a fili ɗaya, kuma babu hannu ko ɗaya a tsakaninsu.

Na ga wasu suna leƙen bayan rumfa, suna mamakin da ba su ji ƙamshin gashi ba. Gaskiya ne, ba a hura wuta ba. Bijimin bankwana na uku yana nan, fari ne, mai tozo, na Uba ne mataimakina, aro muka yi. Yana ɗaure a turke yana cin harawa. Na ce kada wanda ya taɓa shi tukuna. Sau biyu muna yanka kafin tafiya. Wannan karon a fara tafiya.

Saura magana ɗaya, kuma ita kaɗai ce na gane a cikin duk abin da na faɗa. Watanni shida ina tambayar mutane me ya sa barin kujera ke da wuya haka, ana ce mini ban san aikin hukuma ba. Gaskiya ne, ban sani ba. Sai na tuna ni ma ina kan wata kujera, ni ma na yi wa mutanena laifi, ni ma tun Disamba ina cewa sai an haɗa famfo zan san abin yi, sai an gama wannan, sai an wuce wancan. Ashe ni ma kekena yana jingine a inda ya saba. Bakin da ya ce mun yafe bai tambayi kowa ba, bai kamata ya ci gaba da cewa mu a madadin mahauta ba.

Jiya da hantsi na je na faɗi gaban Lamiɗo, na gaya masa zan sauka daga sarautar pawa, ya yi ƙoƙarin hana ni, daga baya ya sa mini albarka. Mahauta sun zauna sun yarda da Uba, in Lamiɗo ya amince. Ga wuƙar sarautar pawa, wadda mahaifina ya riƙe, aka ba ni ranar da aka naɗa ni. Wakilin Lamiɗo, ga ta, ka mayar wa mai ita. Ga mabuɗin rumfa. Ga takardar famfo, Uba, yanzu kai za ka yi tafiyar taku ashirin da shida, Allah ya sa taka ta fi tawa gajarta.

Shi ke nan. Misiye Roger, kana da agogo a hannu, ka duba ko an yi minti ɗaya. Ban ji wani ciwo ba. In da hatimi ake bukata, ga mutum ɗari biyar sun gani.

Hansai, ke da Safiyatu, ina da abin da zan roƙe ku, amma ba a nan ba, ba kuma ina tsaye gaban lasifika ba, domin kada wani babba ya amsa a madadinku. Zan sauka in fita ta ƙofar nan, in wuce filin gaba ɗaya, in zo ƙofar gidanku a matsayin Malam Mas'udu. Abin da kuka ga dama shi za ku ce mini, ko ku yi shiru, kuma ba wanda zai rubuta.

Ƙofar filin nan tana da faɗi, mutum huɗu za su iya fita a jere. Zan yi tafiyata a hankali, ƙafata ba ta da sauri. Uba, ka sa ido. In ka ga mun fita mu huɗu, ni da masu barin gado su uku, ka hura wuta, ka yanka, a fara kai wa matan da ke bayan rumfa. In ka ga ni kaɗai na fita, ka kwance bijiminka ka mayar da shi garke, bai yi laifin komai ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya yi wa shugabanninmu jagora, manya da ƙanana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonaki da garkuna. Allah ya ba masu shiga ikon riƙewa, ya ba masu fita ikon tashi. Allah ya sanyaya zuciyar wanda aka cuta, ya kuma hana mu yin kyauta da abin da ba namu ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya nuna mana ranar Asabar da ruwa a mayanka. Amin.

Na gode.